Yanda ake shuka kilematis mai furen bazara da kula da ita a lambu

Duk wanda zai ajiye kilematis mai furen bazara a lambunsa, wato wata shukar fure mai hawa katanga da shinge, akwai magana ɗaya da ya kamata ta zauna masa a kai tun kafin ya ɗauki shebur: furen bana a jikin reshen bara yake fitowa. Wato rassan da ta yi bayan ta gama fure, daga Yuni har zuwa kaka, su ne za su kwana cikin sanyi su tashi da fure a shekara mai zuwa. In ka riƙe wannan to kusan komai na kula da ita zai zo maka da sauƙi, lokacin yanka, lokacin ban ruwa, har dalilin da ya sa wata shekarar take ƙin yin fure. Yawancin masu kukan wai tasu ganye kawai take yi, in ka bi diddigi za ka tarar a watan Janairu ko Fabrairu suka fito da almakashi, suka ga wasu busassun igiyoyi ruwan ƙasa sun cukurkuɗe a jikin katanga ba alamar rai, suka ce bari dai a gyara wuri, suka aske ta tas. To ai furen ne suka kwashe suka zuba a shara, ita kam ba ta da laifi.

Ita kilematis dangi ne babba, sun haura iri 300 a duniya, kuma ba lokaci ɗaya suke fure ba. Masu lambu sun kasa su gida uku bisa lokacin da ake yanka su, in ka duba 'yar takardar da ke maƙale a tukunyar shukar za ka ga an rubuta rukuni na 1 ko na 2 ko na 3. Tamu ta yau rukuni na 1 ce. Masu manya-manyan furen nan da ake yawan gani a hotuna, waɗanda faɗinsu ke kai santimita 15 ko fiye, na rukuni na 2 da na 3 ne, dokarsu daban, kar ka ɗauki shawarar da aka ba mai irin waɗancan ka zo ka sauke ta a kan taka. Sannan gara na faɗa tun yanzu, shukar ƙasashen sanyi ce. So take ta sha hunturu na gaske ta yi barci sannan ta farka, inda zafi ba ya sauka duk shekara wahala kawai mutum zai sha da ita. Watannin da zan riƙa ambata na arewacin duniya ne, irin su Turai da Amurka da Kanada, inda bazara ke nufin Maris zuwa Mayu, rani kuma Yuni zuwa Agusta, wanda ke kudu irin Ostireliya sai ya ƙara wata shida a kai.

Wadda aka fi sani a rukuni na 1 ita ce montana. Asalinta daga tsaunukan Himalaya ne zuwa ƙasar Sin, a 1831 matar Lord Amherst, wanda ya taɓa riƙe gwamna janar na Indiya, ta shigar da ita Ingila, daga baya kuma a 1900 wani mai tattara tsirrai ɗan Ingila, Ernest Wilson, ya kawo mai ruwan hoda da ake kira rubens daga Sin. Furenta ba wani babba ba ne, santimita 5 zuwa 7, kunnuwa huɗu, amma yawa ne ke yin aikin, a watan Mayu sai ta lulluɓe har ka rasa ganin ganye, ta yi sati uku zuwa huɗu a haka. Akwai Elizabeth mai ruwan hoda fari-fari da ƙamshin banila, akwai Mayleen ita ma mai ƙamshi, akwai Freda da launinta ya fi turuwa kuma ba ta kai sauran haukan girma ba, ga grandiflora fara sol, ga wilsonii da ke jinkiri sai wajen Yuni. Duk masu kyau ne. Matsalar montana ɗaya ce, girma. Mita 8, mita 10, har 12 tana kaiwa in ta samu wuri, kuma ni a ganina babu shukar da ake saya bisa rashin lissafi kamarta. Mutum zai gan ta 'yar siririya a tukunya ɗaure da kara, ya kai ta jikin ɗan shingen katako mai mita biyu, bayan shekara biyar ta haye shingen ta shiga gidan maƙwabci ta toshe indararo ta fara ɗaga rufin ɗakin ajiya, ga nauyi in ta jiƙe da ruwan sama. In kana da doguwar katanga, ko babbar rumfa, ko ƙatuwar bishiya da ta tsufa, ko wani mummunan gini da kake son ɓoyewa, bismilla. In ba ka da su, haƙura da ita ya fi.

Mai ƙaramin wuri, alpina da macropetala su ne naka. Mita 2 zuwa 3 suke tsayawa, a Afrilu zuwa Mayu suke fure, furen kuma sunkuyar da kai yake yi ƙasa kamar 'yar ƙararrawa, yawanci shuɗi ko shunayya ko ruwan hoda. Alpina daga tsaunukan Turai take, macropetala daga arewacin Sin da Mongoliya da Saberiya, dan haka sanyi ba ya ba su tsoro ko kaɗan, katangar da ke kallon arewa wadda rana ba ta cika samu ba ma suna yi a jikinta. Frances Rivis da Pamela Jackman shuɗaye ne, Markham's Pink ruwan hoda ce mai cikowa. In furen ya zube sai su bar wasu tutiyoyin gashi masu sheƙi ruwan azurfa, su ma abin kallo ne har tsawon rani.

Sai armandii, wadda aka sa wa sunan wani fada Bafaranshe Armand David. Ita ba ta zubar da ganye, ganyenta dogo ne mai kauri da ƙyalli, furenta fari mai ƙamshi tun Maris. Amma raguwa ce a wajen iska mai sanyi, sai jikin katangar da ke shan rana kuma take a kare, in ba haka ba ganyen ya ƙone ya koma ruwan ƙasa ya maƙale ya ƙi faɗuwa.

Wajen saye kar fure ya ruɗe ka. Durƙusa ka duba gindin shukar, wadda ta fito da kara uku ko huɗu daga ƙasa ta fi mai kara ɗaya tilo ko da mai ɗayan ta cika da fure. Ɗaga tukunyar ka leƙa ƙasanta, in ka ga saiwa ta fara leƙowa ta ramukan to ta kafu. Mai shekara biyu a tukunyar lita 2 ko 3 ita ce daidai. 'Yan ƙananan nan masu araha da ake sayarwa a leda ko a 'yar mitsitsiyar roba ba laifi, sai dai kar ka kai su ƙasa kai tsaye, ka sake musu tukunya mai ɗan girma su yi wata shida ko shekara tukunna, in ba haka ba dodon koɗi zai cinye su a dare ɗaya. Lokacin dashe kuma biyu ne, kaka wato Satumba da Oktoba sanda ƙasa ke da sauran ɗumi, ko Maris da Afrilu. Banda ranar da ƙasa ta daskare ko ta jiƙe sharkaf.

Abin da take so shi ne saiwarta ta zauna a sanyi da laima, kanta kuma ya samu haske. Laima fa na ce, ba kwanciyar ruwa ba. Alpina da macropetala musamman, saiwarsu siririya ce ƙwarai, ruwa ya kwanta mata a hunturu ruɓewa take. In kana shakkar ƙasarka, haƙa rami ka cika shi da ruwa ka tafi, in ka dawo washegari ka tarar ruwan na nan, to wurin bai yi ba, sai dai ka ɗaga ƙasar ka yi tudu ko ka canza wuri. Ƙasar yumɓu a cakuɗa mata ruɓaɓɓen taki da tsakuwa ƙanana, ƙasar yashi a ba ta taki da yawa dan ta riƙe ruwa. Maganar da ake yaɗawa wai dole sai an zuba mata farar ƙasa, ba dole ba ne, tana yi a ƙasa iri-iri muddin ruwa na wucewa.

Ramin ya kai santimita 45 faɗi da zurfi, kuma ka ja baya daga katanga da santimita 30 zuwa 45. Wannan ja da bayan mutane ke rainawa. Gindin katanga shi ne wuri mafi bushewa a duk lambun, rufi na tare ruwan sama, bulo na shanye wanda ya samu, sai ka ga an kwana ana ruwa amma in ka tona da yatsa a nan ƙura ce. Kafin ka cire ta daga tukunya tsoma ta a bokitin ruwa minti 15 zuwa 20 har kumfa ya daina tasowa. Ka gauraya ƙasar da ka haƙo da ruɓaɓɓen taki, sabo ɗanye kuwa ƙona saiwa yake. Batun zurfi, a nan ma ana cakuɗa dokoki. Za ka ji ana cewa a binne kilematis da zurfi, a nitsar da karan santimita 5 zuwa 8 cikin ƙasa. Wannan na masu manyan fure ne. Namu na bazara a daidai inda ƙasar tukunya ta tsaya ake ajiye su, ko a ɗan nitsa kaɗan, in ka zurfafa musamman a ƙasa mai nauyi wuyan shukar ne zai ruɓe. Kar ka zare karan da ta zo ɗaure da shi, karkata shi kawai za ka yi ya jingina da katanga ya zama mata gada, amma ka kwance roba ko ƙarfen da aka matse ta da shi ka sake ɗaurewa sako-sako. Hannu a hankali, reshenta ƙaras yake karyewa. Ka cike ramin, ka danna da hannu, ka juye mata bokiti guda cur, wajen lita 10, sannan ka rufe gindin da ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye kaurin santimita 5 zuwa 7 ba tare da ya taɓa karan ba. Wasu na jera fale-falen duwatsu a gindin dan inuwa, yana aiki, amma ɗaga ɗaya da safe ka ga taron dodon koɗin da ya kwana a ƙarƙashi, shi ya sa na fi son ɓawon itace ko a dasa wata gajeriyar shuka a gabanta.

In bishiya kake son ta hau, kar ka dasa a jikin kututture inda saiwar bishiyar ta mamaye komai, matsa aƙalla mita guda ko fiye, ka miƙa igiya ko gora zuwa reshen farko.

Yanzu abin hawa. Tsaya ka kalli yanda take kama abu, dan shi zai gaya maka me za ka kafa mata. Ba ta manne wa bango, ba ta da ƙaya, karanta ma ba ya naɗe sanda. Siririn hannun da ke riƙe da ganye shi ne ke aikin, in ya taɓa waya sai ya lanƙwashe a hankali ya zagaye ta sau ɗaya ko biyu, bayan kwanaki ya yi tauri ya zama ƙugiya, har ganyen ya bushe ya faɗi a hunturu ƙugiyar na nan riƙe. Hannun nan gajere ne, duk abin da kaurinsa ya wuce santimita guda ba ya iya zagaye shi. Shi ya sa za ka ga an kafa mata ƙaton ginshiƙi mai kyau amma tana kwance a ƙasa, ba taurin kai ba ne, ba ta da abin kamawa ne. Waya ko raga ko igiya za ka ba ta. A jikin katanga ka ja wayoyi a kwance, tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakaninsu, ka bar kamar santimita 5 tsakanin waya da bango dan iska ta riƙa wucewa. Ginshiƙi kuma ka naɗe shi da raga. Na montana ya zama mai ƙwari sosai, waya mai kauri da ƙusoshin da suka shiga bango da kyau.

Kuma kar ka bar ta ta zaɓi hanya da kanta a shekarun farko. In ka bar ta rassan junansu za su kama su murɗe su zama igiya ɗaya su miƙe sama, ƙarshenta fure na can ƙololuwa inda sai ka ɗaga kai, ƙasa kuma ƙafafu tsirara. Duk sati a lokacin da take tsiro ka zo ka ware sababbin rassan, wannan dama wannan hagu, ka kwantar da su a jikin waya ta ƙasa tukunna ka ɗaure da zare mai laushi. Reshen da aka kwantar ya fi fitar da 'yan rassa ta gefe, su kuma su ne masu fure.

Ruwa, shekara biyun farko ba wasa. In an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba ka ba ta bokiti guda ko biyu sau ɗaya a sati, a gindi, ya nitse sosai, ya fi yayyafin kullum da ke jiƙa sama kawai. Kuma ka tuna da rani ne take gina rassan da za su yi furen baɗi, mutane da yawa da zarar fure ya zube sai su manta da ita, ƙishin da ta sha a Yuli da Agusta a Mayu mai zuwa ake ganin sakamakonsa. Taki kuwa ba ta da haɗama. A ƙarshen Fabrairu ko Maris ka barbaɗa mata mai sinadarin fotash, irin wanda ake yi wa furen wardi ya isa, ka sabunta rufin gindin. Ka nisanta ta da takin ciyawar fili, naitirojin ya yi masa yawa, ganye zai ba ka kore shar ba fure. Montana da ta kafu a ƙasa mai kyau ma ko ba ka ba ta komai ba ba ta damu ba. Sai haƙuri, shekarar farko ƙasa take yi wa aiki, sai ta uku za ka ga abin da ka saya.

To mu dawo kan almakashi. Gaskiyar magana rukuni na 1 ba sa buƙatar yanka na dole, in wuri ya ishe ta kana iya barin ta shekaru ba ka taɓa ba tana furenta. Yanka ɗaya ne nake ganin bai kamata a tsallake ba, na shekarar farko. In shukar kara ɗaya ko biyu gare ta, a bazarar farko ka datse ta ta dawo kamar santimita 30 daga ƙasa, daidai saman wasu idanu biyu masu ƙwari da ke fuskantar juna. Da ciwo, na sani, ka sayi abu da kuɗinka kuma a ce ka guntule shi, amma daga nan ne za ta fashe ta fito da kara da yawa.

Bayan wannan, duk gyaran da za ka yi ka yi shi da zarar fure ya gama zuba, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, in ya yi tsanani farkon Yuli. In ka makara, to bar shi sai baɗi. Ka cire matattun rassa, ka rage waɗanda suka tsallake iyaka, kowane yanka a saman ido. Kafin ka yanke wa reshe hukuncin mutuwa ka ɗan kankare ɓawonsa da farce, in ka ga kore a ciki da ransa, dan tsohon karan kilematis ɓawonsa zare-zare yake yi yana saɓulewa ko yana da lafiya. A Maris ma in ka matsa kusa da waɗannan busassun igiyoyin za ka ga a kowace gaɓa wasu 'yan ƙulle-ƙulle bibbiyu sun kumbura, to furen kenan. Wata dabara kuma, in za ka yanke kara daga ƙasa bi shi da hannu ka ga inda ya nufa, dan kara ɗaya na iya ɗauke da rabin katanga. In ka yanke kar ka fizgo shi nan take, za ka yayyage masu rai da suka sarƙe da shi, bar shi kwana uku ko huɗu ganyensa ya yi yaushi, sannan za ka gane nasa ka zare su guntu-guntu. Montana da ta yi cunkus a jikin shinge ko da babban almakashin shinge ka bi ta ba komai. Alpina da macropetala kuwa taɓawa kaɗan, in ka yi yawa ka yi asarar tutiyoyin azurfan. Ka sa safar hannu, ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi har ƙuraje ga wasu, kuma guba ce ga kare da kyanwa da doki in suka ci, kar ka bar yankakkun rassa a inda dabba za ta samu.

Wanda ya gaji tsohuwar montana da ta zama tsibi, sama kore ciki duk busasshen ƙiraruwa, hanya biyu ce. Mai sauƙin haɗari, ka raba aikin shekara uku, kowace shekara bayan fure ka sare kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin karan. Ɗayar kuma ka sare duka ta dawo santimita 30 zuwa 60, ka ba ta ruwa da taki, yawanci tana tohowa da ƙarfi amma furen baɗi zai yi ƙaranci, kuma in kututturen ya tsufa ƙwarai yana iya ƙin tashi gaba ɗaya, dan haka ni ta farkon nake ba da shawara. Irin wannan saran ba na kowace shekara ba ne, a bar aƙalla shekara uku tsakani. Kuma leƙa ciki tukunna, cunkuson montana wurin sheƙar tsuntsaye ne kuma lokacin yankan ya faɗo daidai lokacin ƙyanƙyasa, a Birtaniya ma dokar 1981 ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita. In akwai sheƙa ka jira su tashi.

Akwai shekarar da ba ka yi laifin komai ba amma fure ya ƙi. Sau da yawa jaurar ƙarshe ce, an yi ɗumi a Maris ƙullin fure ya kumbura, sai dare ɗaya a Afrilu raɓa ta daskare ta ƙone su, da safe ka gan su sun yi baƙi sun lanƙwashe. Montana da armandii abin ya fi samu. In shukar ƙarama ce kuma an yi hasashen daskarewa ka yafa mata mayafin lambu ko tsohon zanin gado ka cire da safe, babba kam sai haƙuri, ita ba ta mutu ba. Irin wannan sanyin ne kuma kan tsaga kara a daidai lokacin da ruwan jikinta ke hawa, ƙwayoyin cuta su shiga, sai ka ga wani ruwa mai yauƙi da kumfa fari-fari ko ruwan goro yana tsiyaya daga gindin karan, ga wari. Yanke karan ƙasa da wurin har ka iso nama mai lafiya, sau tari tana sake tohowa.

Ciwon yaushin nan da ya yi suna, wanda kilematis ke zubewa rana ɗaya, na masu manyan fure ne, da wuya ya kama montana ko alpina. Dan haka in taka ta yi yaushi kar ka ruga neman magani, duba gindi. Ko dodon koɗi ya kankare ɓawon ya bar karan fari, ko injin yankan ciyawa ya sare ta, ko iska ta karya reshe, ko ruwa ya kwanta, ko ƙishi. Dodon koɗi da tocila ake kama shi da dare, ko a zuba ƙwayar maganin da aka yi da sinadarin ƙarfe wadda ba ta cika cutar da tsuntsaye ba. Darɓa kuma in ta taru a kan sabon toho feshin ruwa ya isa.

A tukunya, alpina da macropetala na yi, montana kar ma ka fara. Tukunyar ta kai santimita 45 zurfi da faɗi, da ramuka a ƙasa, kar ta zama baƙar roba a rana dan dafa saiwa take. Ruwa akai-akai, takin ruwa mai fotash duk sati biyu daga bayan fure zuwa ƙarshen rani, kowace bazara kuma ka kwashe santimita 5 na saman ƙasar ka zuba sabuwa.

In ta kafu kana son ƙari ba sai ka sake saye ba. Ana yanka reshe a Mayu ko Yuni, wanda ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, a yanka daidai saman gaɓa sannan a yanka santimita 4 zuwa 5 ƙasa da ita, wato tsakanin gaɓa da gaɓa, a cire ganye ɗaya a bar ɗaya, a soka a ƙasa mai yashi har gaɓar ta zauna a kan ƙasa, a kifa leda a ajiye a haske banda rana kai tsaye, cikin sati huɗu zuwa takwas saiwa ta fito. Ka yi da yawa dan ba duka ke kamawa ba. Iri ma na tsirowa, sai dai yana son ya sha sanyin hunturu tukunna kuma ba lallai ya fito da launin uwar ba. Wadda ta fi tabbas ita ce kwantarwa. Ka zaɓi dogon reshe mai laushi kusa da ƙasa, ka ɗan kankare ɓawonsa a gefen gaɓa, ka kwantar da wurin a rami mai zurfin santimita 8 ko a tukunyar da ka binne, ka danne da lanƙwasasshiyar waya ka rufe da ƙasa, kan reshen yana waje ɗaure da ɗan kara. In reshen dogo ne kana iya binne gaɓa ɗaya ka tsallake ɗaya ka binne ta gaba, ka samu uku ko huɗu daga reshe guda. Kar wurin ya bushe, kuma kar ka riƙa tonawa kana dubawa. Bayan shekara ka ɗan ja a hankali, in ka ji ya riƙe to ya yi saiwa, sai ka yanke shi daga jikin uwar ka ɗauke da ƙasarsa ka kai inda kake so.